Jamus, Masar, Sin: wace kalma za mu ba irin waɗannan sunaye?

Jama'a, malaman Hausa musamman, ku kawo ɗauki. Ina koyar da labarin ƙasa a wani ƙauye kusa da Malam Madori, kuma kalmomi biyu na Turanci sun hana ni sakat: endonym da exonym. Ta farko sunan da 'yan ƙasa ke kiran ƙasarsu da shi, ta biyu wanda wasu suka raɗa mata.

Ku dubi Jamus. Su da bakinsu Deutschland suke cewa. Faransawa sun ce Allemagne, daga ƙabilar Alemanni da suka yi iyaka da ita, Larabawa ma Almaniya suke cewa. Mutanen Finland sun ce Saksa, saboda Saksonawa suka sani. Na Poland kuwa Niemcy, tushensa kalmar bebe ce, wato wanda ba a gane maganarsa. Kowa da ƙofar da ya shiga gidan.

Mu Masar da Sin da Habasha duk a bakin Larabawa muka same su. Masar ta dace da Misra ta masu ƙasar, amma Sinawa Zhongguo suke cewa, ƙasar tsakiya. Nan kusa ma, a kasuwar Maigatari, muna ce wa mutum Babarbare, shi yana ce wa kansa Kanuri, yana ce mana Afuno.

Wani abokin aiki ya kawo "laƙabi". Ban karɓa ba, don laƙabi ƙari ne a kan suna, wanda ya ce Jamus kuwa ba shi da wani sunan a ajiye. "Sunan baƙi" kuma a rubuce sai yaro ya zaci launi ake nufi.

Ni dai na tsaya a kan "sunan gida" da "sunan waje". Ɗalibi ba ya bukatar a fassara masa su, kuma suna shiga jimla ba gargada: a 2022 Turkiyya ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ajiye sunan waje, ta riƙa kiranta da sunan gida, Türkiye.

Saura Najeriya. 'Yar jaridar Ingila Flora Shaw ce ta ba da shawarar sunan a 1897, daga kogin Neja, yau kuma ba mu da wani sai shi. A wane ɓangare za mu sa ta? Ina sauraron malamai.