Tsukakken Nono: Yadda Ake Gane Shi da Abin da Tiyata Ke Iya Gyarawa

'Yar Auta:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Na daɗe ina rubuta saƙon nan ina gogewa saboda nauyin bakina, yau dai na daure. Shekarata 23. Tun da na fara ƙirgen dangi nonona bai taɓa yin kama da na sa'o'ina ba. Ba ƙanƙantarsa ce damuwata ba, siffarsa ce. Tushensa a tsuke yake, ya fito siriri ya zubo gaba, ƙasansa kamar babu komai, baƙin da ke kewaye da kan kuma ya yi faɗi ya kumburo kamar an turo shi daga ciki. Akwai fili sosai tsakanin biyun, na dama kuma ya fi na hagu tsawo. Babu rigar maman da ke zama mini daidai, kullum ƙasanta a wofi. Na yi ta jira ko zai ciko, yau kusan shekara 10 shiru. Don Allah akwai wadda ta san wannan? Ciwo ne? Ana gyarawa?

Anti Nas:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kin kyauta da kika faɗa. Hukunci sai likita ya gani da idonsa, amma alamomin da kika lissafa duk na abin da likitocin gyaran jiki ke kira tuberos ne, mu ce tsukakken nono. Likitoci biyu a Amurka, Rees da Aston, su suka bayyana shi da wannan suna a 1976.

Ga abin da ke faruwa. A tushen nonon akwai wani zobe mai tauri, na irin zaren naman da ke ƙarƙashin fata. Idan balaga ta zo, nono yana son ya bazu gefe da ƙasa, sai zoben nan ya tare shi. Da ya rasa hanya sai ya bi ta inda fata ta fi laushi, wato ta baƙin kan nono, shi ya sa kike ganin wurin a kumbure. Layin ƙasan nono, inda yake haɗuwa da ƙirji, shi ma yakan tsaya sama da inda ya kamata. Da shi aka haife ki, bai dai nuna ba sai da kika fara girma. Ba sankara ba ce, ba alamarta ba ce. Kuma ba wani abu kika yi ko kika ƙi yi ba, ba rigar mama ba ce ta jawo, ba kwanciya rub da ciki ba.

Yana da hawa-hawa. A 1999 wani likitan Faransa, Grolleau, da abokan aikinsa suka kasa shi uku: na farko ƙasan nono ta ɓangaren tsakiyar ƙirji kaɗai bai cika ba, na biyu ƙasan gaba ɗaya, na uku tsukewar ta kama sama da ƙasa. Mata da yawa masu hawa na farko ba su ma san suna da shi ba.

Baiwar Allah:
Allah sarki. Ni dai kafin a kai ga wuƙa, da kin gwada tausa da mai safe da yamma, da motsa jiki na ƙirji. Na ji masu cewa yana cikowa. Akwai kuma ƙwayoyin ƙara nono.

Anti Nas:
'Yar'uwa na san da zuciya ɗaya kika faɗa, amma a nan ba zai yi ba. Motsa jiki tsokar da ke bayan nono yake ginawa, nonon kansa ba tsoka ba ne. Mai kuma ba ya ratsa fata ya kwance zobe. Ƙwayoyin nan wasunsu sinadarin homon ne a ciki, suna iya hargitsa al'ada, kuma ko sun kumbura nonon ta kan zai ƙara turowa, tushen yana nan a ɗaure. Abin da na fi tsoro shi ne allurar cike nono da waɗanda ba likitoci ba ke yi. Ruwan silikon da aka zuba kai tsaye cikin nama yana yawo, ya dunƙule, ya yi gyambo, cire shi kuma sai an yanke nama mai yawa. Don Allah kar wadda ta kusanci wannan.

Uwar Biyu:
Ƙanwata, karanta saƙonki kamar ni na rubuta shi shekarun baya. An yi mini tiyata har sau biyu, kuma ta biyun gyaran kuskuren ta farko ce, shi ya sa zan tsawaita.

Da farko na je wurin wani likita na ce nonona ƙanana ne. Ni ban san sunan abin ba, shi kuma bai ambata ba. Ya sa mini jakar silikon kawai, irin wadda ake sawa cikin nono don ƙara masa girma, ya ɗinke. Da kumburi ya saɓe sai na ga abin da ya sa ni kuka: jakar ta zauna a bayan, tsohon nonona siriri yana zaune a kanta kamar an ɗora, tsohon layin ƙasan kuma ya fito ya ratsa nonon a tsakiya, sai ka ce nono biyu ne sama da ƙasa. Baƙin kan ma ya ƙara faɗi saboda an ƙara masa nauyi daga baya.

Likita na biyu yana kallo ya ce tsukakke ne, ba a saki zoben ba. Ya zana mini a takarda abin da zai yi. Ya yanka ta gefen baƙin kan nono, ya shiga ya tsattsaga zoben daga ciki don naman ya buɗe ya sauko ya cike ƙasa, ya saukar da layin ƙasan zuwa inda ya dace, ya sa sabuwar jaka rabinta a ƙarƙashin tsoka, sannan ya rage faɗin baƙin ya ɗaure shi da zaren da ba ya narkewa don kar ya sake bajewa. Abu huɗu ko biyar a aiki ɗaya.

Abin da nake so ki riƙe: matsalar ɗauri ce, ba girma ba. Duk likitan da ya dube ki ya fara maganar girman jakar da kike so bai yi maganar sakin tushe ba, ki gode masa ki nemi wani.

Kainuwa:
Wallahi gaskiya ne Yaya. Ni kuma ban sa jaka ba sam, kitsen jikina aka yi amfani da shi. Ana zuƙo shi daga ciki ko cinya, a tace, a yi ta zuba shi kaɗan-kaɗan a ƙasan nonon. Kafin nan ana sa bakin allura a tsittsinke zaren da ya ɗaure fatar don kitsen ya samu wurin zama. Tabon ɗigo-ɗigo ne, da ƙyar ake gani.

Sai dai a sani, ba duka kitsen ke zama ba, jiki yana shanye wani kaso a watannin farko. Ni sau biyu aka yi mini, wata 6 tsakani, wasu har uku. Idan mace siririya ce sosai ba ta da kitsen da za a ɗiba, da wuya. Idan kika rame daga baya nonon ma zai ragu. Kuma kitsen da bai rayu ba yakan bar 'yar ƙullutu ko ɗigon da ke fitowa a hoton mamogiram, don haka duk ranar da za a yi miki hoton nono ki gaya musu an taɓa zuba miki kitse. Nawa hawa na biyu ne mara tsanani. Likitana ya ce da na uku ne da fatar ba za ta isa ba, sai an fara sa wata jaka da ake ƙara mata ruwa a hankali ta miƙe fata na wasu watanni, sannan a koma a gama aikin.

Maman 'Yan Mata:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ta 'yata na zo. Shekararta 15, ɓangare ɗaya ne kawai haka, ɗayan lafiya lau. Ta daina cire riga ko a gabana, kullum cikin manyan kaya, ta rage shiga ƙawaye. Zuciyata tana ciwo. In kai ta a yi mata yanzu?

Anti Nas:
Mama ki kai ta a duba yanzu, amma aikin yawanci ana jinkirta shi sai nono ya gama girma, wajen shekara 18. Idan aka yi da wuri, lafiyayyen ɓangaren zai ci gaba da girma a sake samun bambanci. Hukumar FDA ta Amurka mai kula da abinci da magunguna ma, idan don ƙarin girma ne kawai, ta sa shekara 18 ga jakar nono mai ruwan gishiri a ciki, 22 ga ta silikon, ko da yake gyaran abin da aka haifi mutum da shi ana masa kallo daban.

Dalilin da na ce a duba yanzu, tunda gefe ɗaya ne: akwai wata larura dabam mai suna Poland, sunan likitan Ingila da ya bayyana ta a 1841, inda tsokar ƙirji ce kanta babu ko ba ta cika ba, wani lokaci har yatsun hannun gefen sukan yi gajeru. Gyaranta daban ne, gara a tantance. Kafin lokacin, akwai kushin mai laushi da ake sawa cikin rigar mama ya daidaita gefen. Kuma Mama ki zaunar da ita ki gaya mata abin yana da suna, akwai irinta da yawa, ana kuma gyarawa. Yarinya a wannan shekarun tana ɗauka ita kaɗai ce a duniya.

Mai Jego:
Bari in kawo maganar shayarwa, don ni a nan na gano nawa. Ban yi tiyata ba, ba ni ma da niyya, siffar ba ta taɓa hana ni barci ba kuma maigidana bai taɓa ɗaga maganar ba. Amma da na samu ciki nonona bai ƙaru ko kaɗan ba, bayan haihuwa ma bai cika ya yi nauyi ba. Jaririna yana tsotso dare da rana yana kuka. Da aka auna shi ya zubar da fiye da kashi 10 cikin 100 na nauyin haihuwarsa. Ungozoma ce ta duba ni ta ce naman da ke yin ruwan nono ne bai wadata ba, kuma yakan zo tare da wannan siffa.

Na sha kuka, na ɗauka gazawata ce. Aka koya mini wata dabara: siririn bututu da ake maƙalawa a kan nono, ɗaya bakin a cikin madarar jarirai, yaro yana tsotsona yana samun nawa da ƙarin. Haka muka yi har ya murmure. Ba kowace mai tsukakken nono ke rasa ruwa ba, wasu suna shayarwa tsaf. Amma in kin san kina da shi, ki faɗa tun kina awo, a riƙa auna jaririn a makon farko. Ya kamata ya dawo nauyin haihuwarsa wajen mako 2, kuma daga kwana 5 ya riƙa jiƙa kunzugu aƙalla 6 a rana.

Uwar Biyu:
Shi ya sa ni a ganina in mace za ta iya haƙuri, ta bari sai ta gama haihuwa. Tiyata ba ta ƙara naman nono mai yin ruwa, yankan da ake yi ta gefen kan kuma yana iya taɓa hanyoyin ruwan da jijiyoyin ji. Ciki da shayarwa su ma suna sauya aikin da aka yi.

Kainuwa:
A nan kam ban bi ki ba Yaya. Na yi shekara 8 ba na iya kallon madubi. In ce sai na gama haihuwa, yaushe ke nan? Na yi nawa kafin aure, na san abin da zan iya rasawa, likita bai ɓoye mini ba, kuma ban yi nadama ba. A gaya wa mace gaskiya ta zaɓa da kanta.

Uwar Biyu:
Haka ne, ba na musu. Kowa ta san nauyin da take ɗauke da shi. To 'Yar Auta, idan kin zaɓi jaka ki san ba ta har abada ba ce. Tana iya fashewa, jiki kuma yana iya yi mata kwanso mai tauri ya matse ta har nono ya yi ƙarfi yana ciwo, sai an sake buɗewa. Ki tambayi sunan kamfani da lambar jakar, ki karɓi katinta ki adana. A 2010 an hana jakunkunan kamfanin PIP na Faransa saboda silikon da suka zuba ba na jikin mutum ba ne, matan da ba su san irin tasu ba sun shiga tashin hankali. A 2019 kuma aka janye wasu na kamfanin Allergan masu kaushin baya, saboda an danganta su da wata sankara da ba kasafai ake samu ba, wadda ke fita a kwanson da ke kewaye da jakar. Ki tambaya mai santsi za a sa miki ko mai kaushi, kuma me ya sa. Masu silikon ana so su yi hoto bayan shekara 5 zuwa 6, daga nan duk shekara 2 ko 3, don tana iya tsagewa ba ki ji komai ba.

Anti Nas:
In ƙara kaɗan. Ki nemi likitan fiɗa da ya ƙware a gyaran jiki, mai rajista, a asibitin da ke da ƙwararren mai sa barci. Ki tambaye shi kai tsaye irin wannan nawa ya yi, ya nuna miki hotunan masu tsukakken nono, ba na ƙarin girma kawai ba, na gaba da na gefe, kuma na bayan shekara guda, don aikin mako biyu kowane yana da kyau. Mai shan taba ko shisha ta daina aƙalla mako 4 kafin aiki da bayansa, nikotin yana rage jinin da ke zuwa kan nono. Za ki sa rigar mama ta asibiti wajen mako 6, siffar ba ta zama sai wata 3 zuwa 6, tabo kuma ya fi shekara yana laushi. Kar ki sa ran biyun su zama ɗaya sak, kusanta su ake yi.

'Yar Auta:
Na gode ƙwarai iyayena, Allah ya saka da alheri. Ina karantawa ina hawaye, yau na fara sanin abin yana da suna. Na kwafe tambayoyin duka a takarda. Saura abu ɗaya Anti: inda aka huda mini kunne na biyu tabon ya kumbura ya yi ƙullutu, har yanzu yana nan. Wannan zai shafi aikin?

Anti Nas:
Zai iya, ƙanwata, kuma kin yi tambaya mai kyau. Wannan shi ne kiloyid, tabon da ke wuce iyakar ciwon, ya fi yawa ga masu duhun fata. Ki nuna masa kunnen tun ganin farko kafin a fara maganar ranar aiki. Yana iya karkata ga zubin kitse tunda yankansa kaɗan ne, ko ya shirya miki filastar silikon da allurar tabo da za a fara da zarar ɗinki ya warke.