Bencin ƙarfe da katako bayan damina ɗaya da hunturu ɗaya

Mai tambaya, daga Kano

Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin ofis ne, walda kuwa sha'awa ce da nake yi a gida ranakun hutu da ƙaramin injina. A watan Agustan bara na haɗa bencin zaman tsakar gida da fayif mai kusurwa huɗu wanda na sayo a Ƙofar Ruwa, na shimfiɗa masa falankai biyar na maɗaci, na ɗaure kowanne da noti huɗu tamau don kada ya yi motsi. Kafin ƙarshen Janairu biyu daga cikinsu sun tsage, kuma tsagar ta taso ne daga ramin notin ta fita har baki. Waldar ba ta saki ko ɗaya ba. Ina roƙon waɗanda irin wannan ta taɓa samu su faɗa mini yadda suka yi da ita.

Wani malamin makaranta, daga Zariya

Wa alaikumus salam. Malam, abin da ya same ka ya same ni, sai dai nawa ta baya ya zo. Ni cikin Fabrairu na haɗa teburi, lokacin da katako ya bushe ƙarau, na jera falankan a manne da juna saboda na fi son ganinsu haka. Da ruwa ya zauna a Yuli sai suka kumbura, suka rasa inda za su, na tsakiya ya ɗaga sama kamar bayan kunkuru, har kofin shayi ba ya zama a kai.

Wani tsohon kafinta ne ya fahimtar da ni cewa katako yana shan danshin iska yana kuma sakinsa muddin yana nan, kuma motsin nasa a faɗi yake yi, a tsawo kuwa kusan babu. Ƙarfe bai san wannan ba, inda ka huda shi nan ramin zai tsaya. Kai ka ɗaure katako mai danshin damina, hunturu ya zo ya tsuke shi, noti biyu suka riƙe shi ta gefe da gefe, dole ya tsage. Na auna falanki ɗaya mai faɗin santimita 15 a Agusta da kuma Fabrairu, na sami bambancin kusan milimita 3. Yanzu idan notina milimita 6 ne, ramin da ke jikin ƙarfen nakan yi shi milimita 10, in sa washa mai faɗi, in ɗaure daidai yadda falankin ba zai yi rawa ba, in kuma bar tazarar kaurin fensir tsakanin falanki da falanki.

Wani direba, daga Yamai

Abin da zan ƙara kaɗan ne. Idan na ɗauko katako daga Kasuwar Katako ba na taɓa shi sai ya yi wata biyu a inuwa, a jere, da 'yan sanduna a tsakani domin iska ta ratsa, kuma nakan shafe bakunan da fenti saboda ta nan ya fi saurin bushewa ya tsage. Ƙirya ta fi duk wanda na gwada juriya da gara, amma ta cinye mini bakin abin huji guda biyu a benci ɗaya.

Wani ɗan fansho, daga Kaduna

Ɗana, tunda har za ka kwance falankan, ka duba ƙarfen da ke ƙarƙashinsu. Ni katakona bai tsage ba, tsatsa ce ta ci ni. Na haɗa komai sannan na yi fenti, ashe inda katako ya kwanta a kan ƙarfe burushi bai kai ba, kuma nan ne ruwa yake kwana. Ƙafafun kuma na bar samansu a buɗe, ruwa ya taru a ciki, suka ruɓe daga ciki alhali waje yana sheƙi, ban ankara ba sai ranar da ƙafa ɗaya ta lotse da baƙo a kai, kunyar ranar har yanzu ba ta sake ni ba. Tun daga nan nakan kankare dattin walda, in goge da samfefa, in shafa jan fentin hana tsatsa sau biyu kafin katako ya hau, in toshe saman ƙafa da ƙaramin farantin ƙarfe, in huda ɗan rami a ƙasa. Baƙin tabon da kake gani kewaye da noti kuwa, ƙarfe ne da ruwan itace suka haɗu. Noti mai rufin tutiya yana rage shi. Sai dai kada ka ɗora walda a kan ƙarfe mai tutiya a rufaffen wuri, hayaƙinsa yana kwantar da mutum da zazzaɓi.

Wata malamar asibiti, daga Sakkwato

Baba ya yi gaskiya game da fenti, amma a kula da launi. Kujerun da ni da ƙanena muka yi baƙi muka shafa wa hannayensu, a Afrilu kuwa ba a iya dafa su da rana. Banish ma, wato man da ke sa katako sheƙi, ban ji daɗinsa ba, domin cikin shekara ɗaya ya ɓare kamar fatar albasa. Mai nake shafa wa katakon yanzu, farkon hunturu da gab da damina.

Mai tambaya, daga Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya na kwance, kuma Baba, na tarar da tsatsar daidai inda ka ce. Na faɗaɗa ramukan zuwa milimita 10, sababbin falankai biyu suna jere a zaure, sai bayan wata biyu zan ɗora su.