Introvert da Hausa: ni dai ban yarda da "miskili" ba

Jama'a ku taya ni, tun jiya nake neman yadda za mu ce introvert da extrovert da Hausa. Wani likitan ƙwaƙwalwa ɗan Suwizalan, Carl Jung, shi ya yaɗa kalmomin a littafinsa na 1921, asalinsu Latin ne, introvert mai juyawa ciki, extrovert mai juyawa waje, wato inda hankalin mutum ya fi karkata.

Abin da ya sa na damu, akwai yaron da ke aiki a shagonmu na waya a kasuwar Wunti da ke Bauchi, da farko a kanta muka sa shi, kwastoma su yi ta ƙorafi wai ba ya fara'a, wata hajiya har ce min ta yi "Alhaji ina ka samo wannan miskilin", wallahi saura kaɗan in sallame shi. Sai muka mayar da shi baya wajen gyara. Yanzu zai zauna awa uku kan waya ɗaya da ɗan tsinken hannunsa yana bin layin caji har ya gano inda ya tsinke, lissafin POS ma shi ke rufewa da yamma ko naira ba ta ɓata. Ƙaninsa kuwa in ka sa shi gyara minti goma ya miƙe, amma a kanta zai sayar maka da caja kana dariya.

To miskili akwai ƙanshin girman kai a ciki, yaron nan ba shi da shi. Mai kunya ma ba ita ba ce, in magana ta zo kan aikinsa tsaf zai faɗa maka gaskiya ido cikin ido. Wani ya ce mai zurfin ciki, wannan ɓoye damuwa ne. Shiru-shiru ta ɗan matso, sai dai na san masu surutu sosai cikin abokansu biyu uku, taron biki ne ke gajiyar da su.

Ni na tsaya a kan ɗan keɓe da ɗan cuɗanya. 'Yar keɓe, 'yan keɓe, tana tafiya a baki kuma babu zagi a ciki. Kaɗaici na guje wa don yana ɗauke da tausayi kamar an yar da mutum, shi kuwa da kansa yake janyewa ya huta. Mafi yawanmu ma a tsakiya muke, wannan ban samo mata suna ba tukuna, 'yan Gombe me kuke cewa a wajenku?