Wane gwajin jini ne ke fara tona matsalar zuciya ga mai ciwon suga?

Ma'aikaciyar_Jinya:
Assalamu alaikum likitoci. A ce mai ciwon suga nau'i na 2 ne, shekararsa 58, ba ya kukan komai, ECG ɗinsa (gwajin lantarkin bugun zuciya) lafiya lau, HbA1c (ma'aunin matsakaicin suga na kusan wata uku) kuma 7.2%. Akwai gwajin jinin da zai nuna zuciyarsa ta fara gajiya tun kafin ƙafa ta kumbura ko numfashi ya fara yankewa? Ko turoponin, sinadarin da ke fita cikin jini idan tsokar zuciya ta ji rauni, za a riƙa auna masa?

Likitan_Zuciya:
Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Akwai, kuma wanda za a fara da shi shi ne NT-proBNP, ko ɗan'uwansa BNP. Tsokar zuciya ce ke sakin wannan sinadari idan bangonta ya miƙe saboda matsi, shi ya sa yake hawa tun mutum bai ji komai a jikinsa ba. A 2022 Ƙungiyar Ciwon Suga ta Amurka ta ba da shawarar a riƙa auna shi sau ɗaya a shekara. A waccan shawara ta 2022, idan NT-proBNP ya kai 125 pg/mL, ko BNP ya kai 50 pg/mL, sai a tura mutum hoton zuciya na eko.

Kada ECG mai kyau ya ruɗe ki. Abin da suga ya fi yi da farko shi ne sandarar da tsokar zuciya: tana matsewa daidai, amma ba ta sakewa ta cika da jini yadda ya kamata. ECG ba ya ganin wannan. Ga kuma lalacewar jijiyoyin ji, wadda kan hana mutum jin ciwon ƙirji ko da jijiyar zuciya ta toshe.

Amma lambar kaɗai ba hukunci ba ce. Tsufa, raunin ƙoda da bugun zuciya mara tsari na AF duk suna ɗaga ta. Ƙiba kuwa rage ta take yi, wanda nan ne aka fi yin kuskure, tunda yawancin masu nau'i na 2 suna da jiki. Mai ƙiba sosai da ya zo da NT-proBNP 110 yana haki idan ya hau bene, ni dai zan tura shi eko.

Mai_Dakin_Gwaji:
Likita ya gama magana kan fassara, bari in ƙara ta ɓangaren ɗaukar jini, don a nan sakamako da yawa ke lalacewa. BNP ba ya jure jira. Kwalbar roba mai EDTA, sinadarin hana jini daskarewa, ake sa shi, a auna cikin awa 4 idan ba a sanyaya ba. NT-proBNP yana iya kwana biyu ko uku bai canza sosai ba, saboda haka idan za a kai jinin wani wuri mai nisa, shi za a zaɓa. Ba a buƙatar azumi. Kuma wanda ke shan maganin gazawar zuciya na sakubitiril da balsatan, BNP ɗinsa zai hau saboda maganin yana hana rushe shi. NT-proBNP za a yi masa.

Game da turoponin: iyakar hs-cTnT, wato gwajin turoponin T mai kaifin ganowa, ita ce 14 ng/L, amma ta turoponin I ta danganta da kamfanin na'urar, kada a kwatanta sakamakon wurare biyu. Jinin da ya fashe a kwalba yana rage turoponin T. A tambayi mutum ko yana shan bayotin mai yawa na gyaran gashi da farce, domin a wasu na'urori yana sa sakamako ya fito ƙasa da gaskiya.

Likitar_Suga:
Malama, a ganina turoponin ba shi ne na farko ba ga wanda ba ya kukan komai. Masu suga da raunin ƙoda da dama suna yawo da 18 ko 25 ng/L shekara da shekaru. Wannan alamar haɗari ce ta gaba, ba toshewar yau ba. Toshewa ana gane ta da hawa ko saukar lambar tsakanin awa 1 zuwa 3, tare da alamomi.

Abin da aka fi mantawa ma ba jini ba ne, fitsari ne. Furotin na albumin da ya kai 30 mg/g a gwajin fitsari na UACR yana nuna jijiyoyin jini sun fara taɓuwa a ko'ina, har da na zuciya. A haɗa shi da eGFR (ma'aunin aikin ƙoda) da LDL (mugun kitsen jini) duk shekara, Lp(a) kuma, wani kitsen jini da ake gada, sau ɗaya a rayuwa ya isa.

Idan eko ya tabbatar da matsala, magani zai canza: a duba shigar da emfagilifulozin ko dafagilifulozin, magungunan suga masu kare zuciya, a daidaita hawan jini, a cire fiyogilitazon domin yana tara ruwa a jiki, sakzagilibtin ma a sauya shi.

Ma'aikaciyar_Jinya:
Na gode, Allah ya ƙara basira. To idan NT-proBNP ya fito 140 amma eko bai nuna komai ba fa?

Likitan_Zuciya:
A duba ƙoda da tsarin bugun zuciya tukuna. Idan su ma lafiya, a tsananta kula da hawan jini da LDL, a maimaita gwajin bayan wata 6 zuwa 12 a ɗakin gwajin da aka yi na farko.