Dan Allah meye narrative? Ku taimaka min kafin jarabawa

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin dan Allah a ɓoye sunana. Ni ɗaliba ce zan zauna WAEC bana, satin da ya wuce malamin Turanci ya bamu aikin gida wai mu rubuta narrative essay akan ranar da bazamu taɓa mantawa ba. Na zauna na cika shafi biyu akan bikin yayata, na faɗi kalar ankon da muka saka da yadda aka yiwa amarya lalle har gwiwar hannu da funkaso da alkakin da aka raba, wallahi na ɗauka na gama burge shi. Da takardar ta dawo sai naga ya rubuta da jan biro wai wannan descriptive ne ba narrative ba, maki kaɗan ya bani, abin ya tsaya min a rai sosai. Kuma naji wani a rediyo yana cewa change the narrative akan Arewa, shi kuma ba maganar essay yake ba, to ma'ana biyu kalmar take da ita ko yaya? Ga plot da setting da theme duk sun cakuɗe min.

Malamin Turanci: Wa alaikumussalam 'yata, kiyi haƙuri amma malaminki yana da gaskiya. Kalmar daga Latin ta fito, narrare, wato bada labari, kuma labari baya zama labari sai wani abu ya faru sannan wani ya biyo baya saboda shi. Ke hoton biki kika ɗauka mana, komai yana tsaye cak, wannan shine descriptive, wato siffantawa. Da ace kin rubuta cewa ana saura awa biyu a kai amarya aka nemi sarƙar gwal ɗinta aka rasa, hankalin Umma ya tashi, ƙawaye suka fara kallon juna ƙasa-ƙasa, motoci na ƙofar gida suna hon, can sai aka ganta a ƙasan kwandon kayan lalle, to wannan shine narrative. Ankon da alkakin ba laifi bane, ki barsu su shigo a hanya. Kuma ki riƙe past tense tun daga farko har ƙarshe, nan ne yara suka fi zubar da maki. WAEC kalma 450 suke so, maki 50 ne, 20 daga ciki na yadda kika sarrafa harshen ne.

Malamar Hausa: Ƙanwata duk kin san abubuwan nan a darasin adabi, suna ne kawai ya canza. Theme shine jigo, style salo, plot kuma zubin labari, yadda aka jera abubuwan da suka faru ɗaya na jan ɗaya. Setting wuri da lokaci, characters mutanen cikin labarin, babban cikinsu da muke cewa tauraro shine protagonist. Ki tuna kaka in ta ce ga ta nan ga ta nanku kuka ce ta zo mu ji ta, to ita ce narrator, Gizo da Ƙoƙi characters, daidai inda asirin Gizo zai tonu kowa yayi tsit shine climax.

Ɗalibin ilimi: Ƙari akan na malama, in kin duba fassarar hadisi ta Turanci zaki ga narrated by Abu Huraira, wato shi ya ruwaito. Mai ruwaya shine narrator, ni ta nan kalmar ta zauna min.

Wani ɗan jarida: Na rediyon kuma tushensu ɗaya ne. A bakin 'yan siyasa da mu 'yan jarida narrative na nufin labarin da aka yi ta maimaitawa akan wasu mutane ko wani yanki har ya zauna a zukata, misali in an ambaci Arewa ba abin da ke zuwa ran wasu sai talauci da rashin tsaro. Mai cewa a canza narrative so yake a riƙa bada ɗaya ɓangaren labarin ma, noma da kasuwanci da ilimi.

Wata uwa: Nima na ƙaru wallahi. To tatsuniya fa me ake ce mata?

Malamar Hausa: Folktale Hajiya. Irin labarin Bayajidda da macijin rijiyar Kusugu a Daura kuma legend ne, ƙagaggen labari fiction.

Mai tambaya: Allah ya saka da alheri, yanzu na gane inda na kuskure. Malam dole ne abin ya faru da gaske, ko zan iya ƙirƙira?

Malamin Turanci: Ki ƙirƙira abinki, ba wanda zai je gidanku bincike, ya dai zama abin da hankali zai ɗauka. Ki sake rubuta na bikin yau da dare ki kaiwa malaminki gobe ya duba.