In sa bahon wanka kafin in sayar da gida?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, ina neman shawara. Zan sayar da gidan gadonmu da ke unguwar Ali Dan Sofo a Maradi. Dillali ya nace in cire shawa in sa babban bahon wanka, wai masu kuɗi sun fi son haka.

Ni kuwa hankalina bai kwanta ba. Lokacin zafi famfo yakan ɗauke, da bokiti muke wanka, wa zai cika baho? Ga tsofaffi, tsallaka bakinsa wahala ne. Kuma sai an fasa karo, an sake jan bututu, alhali kuɗin na marayu ne.

Don Allah, wanda ya taɓa sayar da gida, bahon yana ƙara farashi kuwa?