Ma'ajin ikkilisiya: idan Allah yana gani, me ya sa sai an ƙirga a gaban mutane?

Sabon Ma'aji ya rubuta:

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Watanni uku ke nan da aka zaɓe ni ma'ajin wata ƙaramar ikkilisiya, kuma a zaman majalisa na farko dattawa suka yanke cewa ba zan ƙirga baiko ni kaɗai ba, sai da mutum biyu a wurin, sa'an nan in karanta rahoto kowane ƙarshen wata. Na amince a baki, amma abin ya tsaya mini a rai, domin ban taɓa cin kwabon kowa ba. A 2 Sarakuna 12:15 an ce ba a nemi lissafi daga mutanen da aka danƙa wa kuɗin gyaran Haikali ba, saboda masu aminci ne. Idan riƙon amana tsakanin mutum ne da Allahnsa, ashe wannan tsari ba alamar rashin yarda ba ne?

Dattijo Mai Ritaya ya amsa:

Ɗana, ayar da ka kawo gaskiya ce, amma ka koma baya kaɗan a wannan sura. Yehoyada firist ya ɗauki akwati ya huda murfinsa, ya ajiye kusa da bagade, kuma idan kuɗi ya taru, magatakardan sarki Yowash da babban firist ne suke zuwa tare su ƙirga su ɗaure a jakunkuna. Mutum biyu ke nan, ɗaya daga fada, ɗaya daga Haikali. An kuwa kawo akwatin ne bayan an kai shekara ta 23 ta sarautar Yowash firistoci ba su gyara komai ba, ko da yake kuɗi yana shiga hannunsu.

Wanda ya fi burge ni a wannan batu shi ne Ezra. A sura ta 8 ta littafin Ezra, ya ji kunyar roƙon sarkin Farisa sojojin rakiya zuwa Urushalima, domin ya riga ya faɗa masa cewa hannun Allah yana kan masu nemansa, saboda haka ya kira azumi a bakin kogin Ahawa. Wannan mutumin da ya dogara ga Allah har ya ƙi neman sojoji, shi ne kuma ya keɓe shugabannin firistoci 12, ya auna musu azurfa da zinariya kafin tafiya, da suka isa Urushalima aka sake aunawa a rana ta huɗu, aka rubuta nauyin duka. Ezra bai ga wani saɓani tsakanin bangaskiya da ma'auni ba, ban kuma ga inda firistocin suka ce an raina su ba.

Bulus ma haka ya yi da gudummawar da aka tara wa 'yan'uwa na Urushalima. Manzo ne, amma a 2 Korantiyawa 8 ya aiki Titus tare da wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi suka zaɓa, ya kuma bayyana dalilinsa: kada kowa ya sami abin zargi, gama yana so ya yi abin da yake daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane. Mutanen biyun nan da suke zama tare da kai garkuwarka ne, ranar da wani zai tashi ya ce baikon godiya bai kai yadda ya zata ba.

Malamar Makarantar Lahadi ta amsa:

Baba ya gama magana a kan lissafi, ni kuwa kalmarka ta "ban taɓa cin kwabon kowa ba" ce ta tsaya mini. Ɗan'uwa, bawan nan na Matiyu 25 da aka ba talanti ɗaya, wato kuɗi masu yawa da maigidansa ya ba shi amana, shi ma bai ci ko kwabo ba. Ya binne, ya mayar cif yadda aka ba shi, duk da haka maigidansa ya kira shi mugun bawa, malalaci. Laifinsa ya fara ne daga yadda ya ɗauki maigidan: ya ce shi mai tsanani ne, tsoro ya kama shi. Sauran bayi biyun da su ma aka ba su talanti sun ga amincewar da aka yi musu, suka tashi suka yi aiki da ita.

A nan koyarwar Kirista ta kafa ƙafarta. Ba mu riƙe amana domin mu sayi tagomashin Allah, muna riƙe ta ne domin shi ya fara ba mu, kamar yadda Dawuda ya yi addu'a a 1 Tarihi 29:14 cewa kome daga wurinsa yake, daga abin hannunsa ne muke mayar masa. Wanda ya san dukiyar ba tasa ba ce, buɗe littafi ba ya yi masa nauyi. Amanar kuma ba ta tsaya ga kuɗi ba, ta haɗa da zuwa a kan lokaci, da sirrin wanda ya zo neman taimako daga asusun gwauraye da marayu, wanda ma'aji ne kaɗai yakan san sunansa.

Mama Zumunta ta amsa:

Na riƙe jakar zumuntar mata shekaru da dama, kuma abin da na gani shi ne ba a fara da sata, da aro ake farawa. Yaro ya kwanta rashin lafiya, kuɗin yana cikin ɗaki, mutum ya ce zai mayar idan albashi ya shigo. Ni kaina na taɓa yin haka sau ɗaya, na mayar, amma makonni biyun nan ban iya kallon matan a ido ba. Tun daga ranar na roƙa kada kuɗin ya ƙara kwana a gidana.

Sabon Ma'aji ya sake rubutawa:

Na gode, Baba, na gode, iyayena mata. Ban taɓa lura da akwatin Yehoyada ba, ko da yake aya shida ce kawai tsakaninsa da wadda na kawo. Maganar Mama kuma ta taɓa ni, domin baikon Lahadi yakan kwana a wurina har Litinin kafin in kai banki. Zan kai wannan gaban majalisa a zama mai zuwa, mu ga ko za a riƙa rubuta adadin a sa hannu mu uku tun a ranar.